Shatin Hannu a Jikin Inna

Ƙwas... ƙwas... ƙwas...

Amarya ta ɗaga buroshi daga jikin akwatin kwamfutar da take yi wa ado, ta kasa kunne. Ƙarar ta sake ratso bango. Cokali ne ake bugawa a jikin ƙarfen gado, a hankali, kamar mai bugun tana jin kunyar a ji ta. Amarya ta san ko wace ce, ta kuma san abin da bugun yake nufi.

"Wayyo Allah, yau ma Yaya ta fita," ta faɗa a ranta.

Amarya dai suna ne kawai ya bi ta, don lallen aurenta ya daɗe da gogewa. Mijinta, wanda 'yan gida ke kira Auta, ita kuma take tsokanarsa da Injiniya, yana da shagon haɗa kwamfuta a bakin kasuwa. Samarin nan da suka mutu a kan wasan gem ba sa son kwamfuta baƙa wuluk irin ta ofis. So suke a sa mata gilashi a gefe, a maƙala wata siririyar fitila mai shuɗin haske a ciki, sannan a zane ta ciki da waje. Zanen kuwa aikin Amarya ne. Wani garin fenti take kwaɓawa da mai marar launi. Idan ta shafa shi, da rana ba ka ganin komai sai ɗan ƙyalli, amma da zarar shuɗin hasken ya sauka a kai sai ka ga fanka ta zama fure, wayoyi sun zama korayen igiyoyi, murfi kamar ya kama da wuta. Shi ya sa ko da rana tsaka a ɗaki mai labule mai kauri take aiki.

Wannan ɗakin duhun shi ya ja mata baƙin jini a gidan. Inna, uwar mijinta, tun ranar farko ba ta ɓoye ba.

"Mace ta kulle kanta a duhu tana zanen da ido ba ya gani? Auta, duk matan duniya wannan ka ɗauko mana?"

Ana nan wata safiya Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo. Ɓarin jikinta na dama ya mutu, baki ya karkace, magana ta ɗauke ɗif. Likita ya ce hawan jini ne. Yaya, 'yar farin Inna, ta ce likita ya faɗi nasa, ita ma ta san nata. Ta tattaro kayanta ta tare a gidan don jinya, kuma abin da ta fara yi shi ne shata wa Amarya iyaka.

"Ko inuwarki ban yarda ta gifta ƙofar ɗakin uwata ba, 'yar duhu! Tun da kika shigo gidan nan ba mu sake ganin daidai ba."

Auta ya ja matarsa gefe, idonsa ya yi ja, ya riƙe hannuwanta biyu.

"Don Allah ki taimake ni. Na san ba ki yi komai ba, amma kaina zai fashe. Ki yi mini alkawari ba za ki shiga ɗakin ba, har ƙura ta lafa."

Ta yi masa alkawari. Kuma har ga Allah ta yi niyyar cikawa.

To amma Yaya tana da shagon ɗinki da 'ya'yan da take ciyarwa, kuma shago ba ya jiran marar lafiya. Sai ta tsiro da dabara: da zarar Auta ya koma kasuwa bayan azahar, Inna kuma barci ya ɗauke ta, sai ta saɗaɗa ta fice, ba ta dawowa sai rana ta yi sanyi. Ita a tunaninta tsohuwa tana barci abinta. Ba ta san cewa cokali yana ta bugun ƙarfe babu mai amsawa ba.

Ranar da Amarya ta fara karya alkawari, wari ne ya tarbe ta tun daga bakin ƙofa. Inna, matar da a da idan ta ga ɗigon mai a bakin kofi sai an sake wanke kwanukan gidan gaba ɗaya, ita ce kwance cikin ƙazantar jikinta, ta juya fuska bango, hawaye na gangarawa cikin kunnenta. Amarya ta ja ƙofa ta rufe. Ta ɗauko ruwan ɗumi ta gyara ta tsaf, ta canja mata zani da zanin gado, ta shafe ta da mai. Da ta gama, Inna ta ɗaga hannun hagunta mai rai, ta ɗora yatsa a kan karkataccen leɓenta, tana kallonta da idon roƙo.

"Na ji, Inna. Wallahi babu wanda zai ji daga bakina."

Ka ga alkawari ya zama biyu ke nan, kuma kowanne yana cin wuyan ɗan'uwansa.

Yau ma haka ta yi. Ta kashe fitilar aikinta, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta ɗaga su a hasken taga ta juya gaba da baya. Fes! Safar hannun da Auta ya saya mata kuwa tana rataye a ƙusa tana shan ƙura, don ita ta ce safa tana kashe mata jin buroshi. Mutuniyar da sana'arta ke nan, wadda ta fi kowa sanin cewa wannan fenti ba ya nuna kansa a hasken rana, ita ce kullum take tambayar hasken rana ko hannunta ya fita. Garin fentin kuwa yana nan maƙale a ƙarƙashin farce da tsagin tafin hannu, man shafawa kuma yana narko shi. Ko sau ɗaya bai taɓa faɗo mata ta mayar da hannun ƙarƙashin shuɗiyar fitilar ta duba ba.

Ta leƙa tsakar gida, ta leƙa ƙofar waje, sannan ta faɗa ɗakin kamar ɓarauniya. Duk motsin da iska ta yi da ƙyaure sai ta waiga. Haka ta yi aikin, ta wanke zannuwan a bayan ɗakinsu, ta shanya su inda ido ba ya kaiwa.

Gab da magariba Kawu, wan Inna, ya yi sallama da wani kwali a hammata. Shi ne babba a dangi, mutum ne mai sanyin magana, amma idan ya yanke hukunci ko Inna da lafiyarta ba ta ja da shi. Yaya ta riga ta dawo, ta ɗaura zani kamar wadda ta wuni a gida. Amarya ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye masa ruwa.

"Hayaƙin maganin sauron nan shi ke sa 'yar'uwata tari," in ji Kawu yana buɗe kwalin. "Na samo mata na zamani. Fitila ce, sauro ya taho wurin haskenta ta ƙone shi. Babu hayaƙi, babu wari."

Amarya ta ɗago kai. A cikin ragar ƙarfen da ya fito da ita akwai siraran ƙwan fitila guda biyu, irin waɗanda take wuni a ƙarƙashinsu. Ta saci kallon hannunta. Fes yake, kamar kullum. Sai dai a karon farko ta tambayi kanta: fes a idon wa?

"Kawu... da an bari ya dawo daga kasuwa ya duba soket ɗin tukuna, kada..."

"Wa ya sa da ke?" Yaya ta katse ta. "Ji mini shisshigi! Kawo, Kawu, ni zan jona."

Suka shiga ɗakin Inna. Amarya ta tsaya a baranda. Ta ji an ja labule, ta ji an kashe farin ƙwan ɗakin, ta ji ƙyas. Shuɗin haske ya malalo ta ƙarƙashin ƙofa har kan yatsun ƙafarta. Ta sunkuya a hankali ta miƙa hannu cikinsa.

Farcenta goma suka kama da koren haske.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wayyo uwata! Kawu, ka gani! Ka gani!"

Ihun Yaya ya tsaga gidan. Kafin Amarya ta miƙe, an banko ƙofa, Yaya ta damƙi wuyan rigarta ta fizgo ta ciki.

Abin da ke kan gadon ya isa ya razana kowa. Ɗaki ya yi duhu, ga Inna kwance, jikinta duk shatin hannu ne kore shar yana ci kamar garwashi. Yatsu biyar a goshi. Yatsu biyar a wuya. Tafi guda a kowane kumatu. Dogayen layuka tun daga kafaɗa har tsintsiyar hannu, daga gwiwa har diddige. Matashin kai, bakin kofi, ƙarfen gado, ko'ina hannu ne, kamar wani abin da ba mutum ba ya wuni yana lalubar tsohuwar. Idanun Inna kaɗai ke motsi, suna zarya tsakanin fuskokinsu. Kawu, dattijon da ba a taɓa ganin ya razana ba, ya manne da bango yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa.

Yaya ta murɗo hannun Amarya ta ɗaga shi sama.

"Ga shi nan! Ga hannun nan! Ashe shi ya sa ta ce kada a kunna! Me kika shafa wa uwata, muguwa? Me muka yi miki?"

Ana cikin haka Auta ya shigo da gudu, jakar kayan aikinsa ko sauke ta bai yi ba. Ya tsaya cak a bakin ƙofa. Ya dubi uwarsa, ya dubi fitilar, ya dubi farcen matarsa.

"Yaya, sake ta. Fenti ne. Fentin aikinmu ne, wanda muke sa wa kwamfuta. Wannan fitilar irin tamu ce, shi ya sa ya nuna. Babu wani aljani a nan."

Amarya ta ja numfashi, ta ɗauka an wuce wurin. Ashe yanzu aka fara.

"Fenti?" Yaya ta yi wata dariya mai kama da kuka. "To madalla! Uwarmu ce ta zama kwamfuta? Wa yake shafa wa marar lafiya kemikal tun daga goshi har tafin ƙafa, a ɓoye, in ba mai son ya ƙarasa ta ba? Ta fata yake shiga, Kawu! A hankali take kashe ta!"

Maganar ta soki Amarya a inda ba ta zata ba. Idan fa gaskiya ne? Ita ba ta taɓa karanta ko garin yana cutar da mai rauni ba. Idan tarin nan na Inna ba na hayaƙi ba ne? Idan da hannunta take...?

Kawu ya kunna farin ƙwai. Shatin ya ɓace ɓat, Inna ta koma tsohuwa mai tsafta cikin wankakken zani, kuma wannan ɓacewar ta fi bayyanar ban tsoro. Ya zauna a bakin kujera ya dubi Amarya.

"Yarinya, tambaya ɗaya zan yi miki. Kin shiga ɗakin nan?"

"Na shiga, Kawu."

"Sau ɗaya?"

Ta girgiza kai. Ta ji idon Auta a kanta kamar wuta, ta kasa ɗagowa.

"Me ya kawo ki?"

Amsar tana kan harshenta. Kalma kaɗan ce, ta faɗa ta tsira. Ta dubi gado. Inna ta kafe ta da ido, leɓenta na rawa, hannun hagunta ya damƙe gefen zani. A gaban wanta? A gaban ɗan autanta namiji? Matar da ta yi rayuwarta kaf ba a taɓa ganin ta ko ɗankwali a karkace ba?

"Kawu, ka yi haƙuri... ba zan iya faɗa ba."

"Kun ji ko!" Yaya ta tafa hannu.

Kawu ya juya ga Auta.

"Kai ɗana, ban taɓa sa baki a aurenka ba. Amma matar da za ta riƙa shafa wa uwarka abin da ido ba ya gani, a tambaye ta dalili ta ƙi faɗa, ba za ta sake kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da 'yar'uwata ba. Ka sallame ta kafin in bar gidan nan. In kuwa ka zaɓe ta, to ka ɗauke ta ku fita, kada in sake ganin ƙafarka."

"Kawu, ka ba ni dama in yi magana da ita."

"Je ka. Ina zaune."

A ɗakin aikinta ya rufe ƙofa. Akwatin kwamfutar da ta bari rabi yana kan tebur, buroshi ya bushe a gefensa. Auta bai yi tsawa ba, kuma da ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Ni ba maganar fenti nake ba. Na san ba za ki cutar da ko ƙuda ba. Maganar alkawari nake. Kin kalli idona kin ce ba za ki shiga ba. Kullum in dawo in ce ya gida, ki ce lafiya lau. Ashe... Haba! Me kike ɓoye mini?"

"Injiniya, ka tambaye ni komai a duniya, ban da wannan."

"Aurenmu ne fa a kan tebur! Kin ji abin da Kawu ya ce. Ki ba ni ko kalma ɗaya da zan riƙe in fita da ita!"

Ta zube a ƙasa ta rushe da kuka. Tana son mutumin nan kamar ranta. Shi ne ya fara ganin zanenta a bayan littafin makaranta ya ce wannan hannun kuɗi ne, shi ya tsaya mata lokacin da kowa ya ce a'a. Yanzu ga shi za ta rasa shi saboda tsohuwar da ko sau ɗaya ba ta taɓa kiran ta da daɗin baki ba.

"Amana ce," ta faɗa da ƙyar. "Ba tawa ba ce da zan bayar."

Sai Auta ya miƙa hannu kan tebur ya ɗauki 'yar tocilar da take duba aiki da ita, mai irin wannan shuɗin hasken.

"Shi ke nan, kada ki faɗa. Ni a shago idan na'ura ta ƙi magana, waya nake bi in ga inda ta nufa. Taso."

Ya kashe fitilun gidan duka, ya kira Kawu da Yaya. Duhun magariba ya riga ya sauka a tsakar gida. Ya fara daga bakin gadon Inna, ya haska ƙasa, suka bi shi a baya babu mai tari. Amarya ce ƙarshe, tana jan ƙafa kamar wadda za a kai wa alƙali.

Ga shatin a mariƙin ƙofa. Ga shi a jikin butar ɗumama ruwa. Ga shi a kan kwalbar man zafin da likita ya ce a riƙa murza wa Inna a ɓarin da ya mutu, wanda Yaya ta ce ita ba ta ga amfaninsa ba, amma kwalbar ta kusa ƙarewa. Hasken ya ratsa baranda, ya zagaya bayan ɗaki. Ga bokiti, hannunsa kore. Ga baho. Ga 'yar robar da ake tara wa marar lafiya, an wanke ta an kife a lungu, gefenta duk yatsu. Sannan ga igiya, an shanya zannuwan Inna da zanin gadonta, ko bushewa ba su gama yi ba, kowace kusurwa da inda aka kama aka matse.

Auta ya tsaya. Ya kashe tocilar da sauri, kamar wanda ya buɗe ƙofar da bai kamata ya buɗe ba. Babu wanda ya furta abin da suka gani, kuma babu wanda bai gane ba.

Muryar Kawu ta fito daga cikin duhu.

"Ke 'yar fari. Waɗannan zannuwan yaushe aka wanke su?"

Kawu ya sake tambaya:

"Ke ce mai jinya. Lokacin da 'yar'uwata take bukatar a canja mata, kina ina?"

Sai suka ji wani sauti kamar an shaƙe mutum. Yaya ce ta durƙushe a gindin igiyar.

"Shago nake zuwa, Kawu... Ina barin ta tana barci. Kullum in dawo in tarar da ita fes, tana ƙamshi, sai in ce Allah ya taimake ni ba ta yi komai ba. Wallahi ban sani ba! Ban taɓa tambayar kaina ba!" Ta ja majina, sai kuma tsohon halin ya motsa, don mutum ba ya sauka daga kan dokinsa lokaci guda. "Amma ai Inna ba ta ƙaunarta! Wa ya sani ko dole take yi mata? Baiwar Allah ba ta da bakin da za ta ce a'a!"

"Wannan kuma mai jikin za a tambaya," in ji Kawu.

Suka koma ɗakin. Auta ya sake kunna tocilar don ya ga hanya, Amarya tana gabansa kanta a sunkuye. Sai ta ji ya ja numfashi da ƙarfi.

"Tsaya. Kada ki motsa. Kawu... dubi kanta."

"Mene ne? Me ke kaina?" Ta ƙame, tsoro ya dawo mata sabo.

A kan ɗankwalinta, daga tsakar kai zuwa ƙeya, akwai shatin hannu guda. Ba irin sauran ba ne. Siriri ne, na hagu, yatsun sun ɗan tanƙware, kuma a yatsan tsakiya akwai wani baƙin gurbi inda hasken ya yanke. Auta ya juya tocilar a hankali zuwa gado. Tafin hannun hagun Inna yana ci da koren haske, man da aka shafa mata ya kwaso fentin, ga zoben azurfarta a yatsan tsakiya.

Sai a lokacin Amarya ta tuna. Ɗazu da ta gama murza mata ƙafa, gajiya ta kayar da ita, ta kifa kai a bakin katifa, barci ya ɗan fizge ta. Ashe tana wannan barcin tsohuwar ta ja hannunta guda mai rai, ta ɗora mata a ka. Ta yi ne lokacin da ta tabbata babu mai gani, har ita wadda aka ɗora wa.

Kawu ya matsa bakin gado.

"'Yar'uwa, na yanke hukunci cikin fushi. Ke za ki faɗa. Yarinyar nan ta tafi?"

Inna ta yi ta kokawa da bakinta. Jijiyar wuyanta ta miƙe, yawu ya zubo ta gefen da ya karkace. Babu abin da ya fito sai gurnani. Sai ta haƙura da bakin, ta miƙo hannu ta damƙi gefen zanin Amarya, ta ja da wani ƙarfin da babu wanda ya san tana da shi, har sai da yarinyar ta faɗo a ƙirjinta. Ta riƙe ta gam, ta ƙi saki.

Nan Amarya ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Yaya ta rarrafo ta kama ƙafarta tana "ki yafe mini, ƙanwata, ki yafe mini," kalmar da ba ta taɓa haɗa ta da ita ba. Auta ya juya baya yana goge ido da hannun riga, wai shi namiji. Kawu kuwa ya ce tun da yake bai taɓa jin kunya irin ta yau ba, ya kusa raba aure da hannunsa a kan abin da ya kamata ya yi wa godiya.

Washegari aka kira likita. Ya duba Inna sarai ya ce fentin bai yi mata komai ba, sai dai ya ja wa Amarya kunne sosai a kan taɓa marar lafiya da hannun aiki, ta kuma karɓi laifinta ba gardama. Ya ƙara da cewa duk wanda yake murza wannan ƙafar kada ya daina, don yatsun sun fara motsi. Aka raba jinya a fili: Yaya ta tafi shagonta da rana ba tare da saɗaɗawa ba, Amarya ta karɓa, Auta ya kama da yamma. Da suka keɓe, ya ce mata shi ma yana da nasa laifin, don ya ɗora mata alkawarin da ya fi tausayi nauyi saboda kawai yana gudun hayaniya.

"Amma daga yau," ya ce, "ko amana aka ba ki, ki ce mini akwai amana. Ba sai kin buɗe ta ba. Ni dai kada ki sake shiga tsoro ke kaɗai."

'Yan'uwana matasa, abin da nake so ku ɗauka a nan shi ne: idan kuka ga abu ya ba ku tsoro a jikin wani, kada ku tsaya a inda kuka fara gani, ku bi shi har inda ya faro kafin ku yanke hukunci. Wanda kuma yake alheri a ɓoye, ana zaginsa yana shiru don ya rufa wa wani asiri, ya yi haƙuri. Allah yana gani tun ba a kunna fitila ba, kuma shi ya san ranar da zai nuna wa mutane.

Inna ba ta sake miƙewa da ƙafarta ba, amma bakinta ya ɗan saki kafin shekara ta zagayo. Kalmomi kaɗan ta samu, kuma tana tattalinsu sosai. Duk baƙon da ya shigo gaishe ta, in Amarya ta kawo ruwa ya tambaya ko wannan ce matar Auta, sai tsohuwar ta ɓata rai, ta girgiza kai, ta tattaro duk ƙarfinta ta gyara masa:

"'Ya... ta."